Ba a fafe gora ranar tafiya: ina katin zaɓenki?

An saba ji na a kan zazzaɓin yara da shayarwa da awon ciki. Yau a yi mini uzuri, maganar kati na kawo, amma ba na asibiti ba.

Kowace uwa da ke karanta wannan rubutu, ko da tsakar dare aka tashe ta aka ce ina katin awonta ko katin rigakafin jaririnta, ba za ta yi dogon lalube ba. Yana cikin leda, ledar tana cikin jaka, jakar tana rataye a bayan ƙyaure. Mun iya adana shi don mun san abin da ke biyo baya in aka je gaban nas babu shi. To ki jarraba tambayar mata a gidan suna ko a layin awo ina katin zaɓensu. Wata za ta ce yana gidansu a cikin adakar Hajiya. Wata ta ce yana wurin maigida. Wata tun da suka tashi daga gidan haya ba ta sake sa shi a ido ba. Wata ta yi rajista har an ɗauki hotonta, amma ba ta koma ta karɓa ba. Wata kuma, ita ce ta fi damu na, za ta ce ai wata mata ta bi gida-gida ta tattara, wai za a ba su jari.

Na san za a ce zaɓen 2027 da sauran nisa. Ranar jefa ƙuri'a ce take da nisa, ƙofar gyaran kati kuwa tun da wuri ake rufe ta. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a tsayar da rajista da duk wani gyara aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a aikace hukumar INEC takan rufe tun kafin haka. Na zaɓen da ya wuce ranar 31 ga Yulin 2022 aka rufe, kusan wata 7 kafin a kaɗa ƙuri'a, kuma waɗanda suka je a makon ƙarshe ba su manta turmutsitsin da aka sha ba. A watan Agustan 2025 aka fara sabuwar rajista, kuma a lokacin layin bai kai na ranar rigakafi ba.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93.4 ne ke da rajista a Najeriya, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Kati fiye da miliyan 6 ma a ofisoshin INEC suka kwana, masu su ba su karɓa ba. Nan Kano muna da rajistar mutum miliyan 5.9, Legas ce kaɗai ta fi mu, amma ƙuri'un da aka ƙirga ba su wuce miliyan 1.7 da 'yan kai ba. Wato cikin mutum uku, biyu suna gida. Akan ce mutane sun gaji da 'yan siyasa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ɓangarenmu na mata akwai wani dalili da ba a cika faɗa a rediyo ba, shi ne aure.

Yarinya tana gidan ubanta a nan Sheshe ta cika shekara 18, aka yi mata rajista a rumfar da ke bakin lungunsu. Bayan shekara biyu aka ɗaura mata aure aka kai ta Rijiyar Zaki, ko Sheka, ko Hotoro, ko Ɗorayi, ko can bayan Ɗanbare inda ake sababbin gine-gine. An kai gado da kujeru da kwanuka, an kai gara, amma rumfar zaɓenta tana nan inda ta bar ta. A Najeriya kuwa mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa yake. Ranar zaɓe 'yan sanda kan hana zirga-zirgar ababen hawa tun daga tsakar dare har yamma. Babu adaidaita sahu, babu bas. Mace mai goyo da yara biyu a hannu ba za ta taka daga Rijiyar Zaki zuwa cikin gari ba. Sai ta zauna a gida, katinta lafiyayye a jaka, a lissafa ta cikin waɗanda ba su damu da zaɓe ba. Namiji yakan zauna a unguwarsu ko kusa da ita, in ma ya yi nisa ya taka ko ya hau keke. Mace ce ake ɗauka a kai wani wuri.

Haka abin yake ga 'yar'uwarmu da aurenta ya mutu ta dawo gida, katinta yana nuna ƙofar gidan tsohon miji, inda ko da mota ba ta son komawa. Haka ga waɗanda mai gidan haya ya tasa.

Ko a cikin ganuwar nan ma akwai abin lura. Sheshe ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, tare da su Yakasai, Zango, Shahuci, Jakara, Kankarofi da Ɗan'agundi. Amma cikin gari ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Mandawari da Diso da Galadanci a Gwale suke, Adakawa da Bakin Ruwa da Kabuwaya kuma a Dala. Sanatanmu ɗaya, na Kano ta Tsakiya, amma kowace cikin ƙananan hukumomin nan uku da nata ɗan Majalisar Wakilai. Amaryar da aka kai tafiyar minti goma a ƙafa tana iya zama ta canja wakili ba ta sani ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a shirya da maigida tun yanzu cewa ranar Juma'ar jajiberin zaɓe za ki kwana a gidanku da yara, tun da ranar Asabar ake zaɓe, ko kuma ki nemi a mayar da rajistarki rumfar da ke kusa da inda kike zaune. Ni ta biyun nake ba da shawara. Kwana a gida dabara ce mai saurin rushewa: yaro ya kwana da zazzaɓi, baƙi sun zo, maigida ya ce gari ba lafiya kada a fita, shi ke nan. Ban da haka, inda kike ɗiban ruwa, inda 'ya'yanki ke makaranta, inda za a kai ki in naƙuda ta tashi, can ya kamata a ce kina da bakin magana a kan wanda zai wakilci wurin.

Sauya rumfa kyauta ne. Ana iya farawa ta waya a shafin cvr.inecnigeria.org, ko a je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kike zaune da katinki a hannu. In an gama za a buga miki sabon kati mai nuna sabuwar rumfa, kuma ke da kanki za ki je ki karɓa, ba a aike. Wannan mataki na karɓa shi ne inda mata da yawa ke tsayawa, don haka ki ajiye 'yar takardar da za a ba ki a cikin ledar katin awo, can ne ba ta ɓata.

In kati ya ɓata ko ya karye ko yara sun tauna shi, don Allah kada ki je ki sake sabuwar rajista kamar ba ki taɓa yi ba. Laifi ne a doka, kuma kwamfutar INEC tana gane yatsa da fuska. A 2022 ta soke rajista fiye da miliyan 2.7, akasari saboda maimaitawa. Abin da za ki ce shi ne kina da rajista, kati ne ya ɓata, a sake buga miki.

Wadda katinta ke hannu kuma, ki ɗauko shi yau ki duba. Akwai lambobi kashi huɗu a jere. Na farko jiha ce, Kano ita ce 19, sai ƙaramar hukuma, sai mazaɓa, sai rumfa. Dalilin dubawar shi ne a 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, kuma kafin zaɓen 2023 ta kwashe wasu mutane daga rumfunan da suka cika ta mayar da su sababbi. Akwai matan da suka bi layi tun safe a inda suka saba, sai da aka zo kansu aka ce sunansu ba ya nan. Ana iya duba rumfa a shafin INEC, kuma in an manna sunaye a mazaɓa don jama'a su duba, a tura yaro mai ido ko a leƙa in an fita unguwa. 'Ya'yanmu mata da suka cika 18 kuma a kai su yanzu. In baikon yarinya ya kusa kuma an san unguwar da za ta zauna, ba laifi a jira a ga ko za a yi mata a can, muddin ba a bari ƙofa ta rufe ba.

Sai maganar masu tattara kati. Tun da aka kawo na'urar BVAS, babu wanda zai iya jefa ƙuri'a da katinki, don sai ta ga yatsanki ko fuskarki. To me mai saye zai yi da shi? Ajiye shi zai yi har zaɓe ya wuce. Ya lissafa cewa unguwarku ba tasa ba ce, don haka duk katin da ya raba da mai shi ƙuri'a ɗaya ce ta ragu daga abokin hamayyarsa. Zamanki a gida ya saya. Kuma doka ba ta bar mai sayarwa ba: dokar zaɓe ta 2022 ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2 a kan sayar da kati ko sayensa ko riƙe na wani. Duk wanda ya zo da sunan tallafi ko jari ya ce sai kin ba da katin zaɓe ko ya ɗauki hotonsa, ki ce masa ga lambar NIN in tallafin gaskiya ne. Shi ma maigida, a cikin ladabi, a nemi ya ba ki naki ki ajiye. Ba don zargi ba, don ranar yana iya sammako ya tafi tasa rumfar da katin a aljihu.

Taliya da sabulu da turmin atamfa kuwa, ba zan zauna a nan in zagi matar da ta karɓa ba. Ina ganin abin da mata ke ciki, ina ganin uwar da ake rubuta wa maganin naira 2,000 ta tsaya tana juya takardar a hannu. Lissafi kawai zan yi mana. In an ba ki naira 5,000 a kan kujerar shekara 4, kwana 1,461 ke nan, ya kama naira 3 da 'yan kwabbai a kullum. Ko ƙullin gishiri ba ta saye. Kuma wurin dangwala ke kaɗai ce, ba a shiga da waya, ba mai ganin inda yatsanki ya sauka sai Allah.

Wata mai bibiyar filin nan ta taɓa rubuto mini cewa ita ta daina wahalar da kanta, don ƙuri'arta ɗaya ba ta canja komai, kuma masu mulki sun riga sun rubuta abin da za su rubuta. Ban raina wannan magana ba, duk wanda ya ga zaɓen gwamna na 2019 a Kano, da zagaye na biyu da abin da ya faru a Gama, yana da dalilin yin sanyi. Amma ki duba ratar da aka bayyana a ƙarshe tsakanin Abdullahi Ganduje da Abba Kabir Yusuf: ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, a jihar da ke da miliyoyin masu rajista. Matan da aure ya raba da rumfunansu a cikin birnin nan kaɗai, a ganina, sun ninka haka. Maguɗi ma ya fi sauƙi a rumfar da mutane ba su fito ba.

Abin da ya sa ni, ma'aikaciyar jinya, na damu da wannan magana shi ne abin da nake gani a wurin aiki. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, abubuwan da aka san maganinsu. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta samu aƙalla guda mai aiki. Dokar ta zauna a takarda sai a kasafin 2018 aka sa kuɗin, kusan naira biliyan 55, kuma 'yan Majalisar Tarayya ne suka cusa shi. Kin ga ke nan mutanen nan da muke dangwala wa ba tare da mun san sunansu ba, hannunsu yana kaiwa har kan gadon haihuwa.

Shi ya sa nake so mu daina kallon zaɓen tarayya a matsayin na shugaban ƙasa kaɗai. Takarda uku za a miƙo miki ranar: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan Majalisar Wakilai. A jikinsu babu hoton ɗan takara ko sunansa, alamar jam'iyya ce kawai da harufanta. Ko sak za ki yi ko wake da shinkafa, wannan ra'ayinki ne, ni ba ni da jam'iyyar da zan tallata a wannan fili. Amma ki san sunan mutum ukun da alamar da kowannensu ya tsaya a ƙarƙashinta, musamman yanzu da 'yan siyasa ke canja sheƙa kamar canjin mayafi. Wanda kika sani a wata alama a 2023 yana iya fitowa a wata daban. In ya zo neman ƙuri'a a taron mata, a tambaye shi me ya yi ko me zai yi a kan asibitin mazaɓa, a ga ko ya ma san inda yake.

Kuma wannan layi da muke ƙyuyar bi, kakanninmu ba a ba su shi ba. Matan kudu sun yi zaɓe tun kafin samun 'yancin kai, amma matan Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, na tarayya kuma sai 1979. Matar da aka haifa a 1940 ta kusa shekara 40, ta aurar da 'ya'ya, kafin a yarda ta zaɓi shugaban ƙasa. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, har a nan Kano an kama ta saboda shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayani. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya. Duk da haka, cikin sanatoci 109 na majalisar da aka zaɓa a 2023, mata 4 ne.

Bari in koma ɓangaren da na fi sani, wato jiki.

Na'urar BVAS takan fara neman zanen yatsa, in ta kasa sai ta ɗauki fuska. In duka biyun suka ƙi, ba za a bari ki jefa ƙuri'a ba, an daina cike takardar uzuri irin ta da. Hannun uwa kuwa hannu ne da ke cikin omo da ruwa da toka kullum, ga kaushin hunturu, zanen yatsa yakan shafe ko ya tsattsage. Ba mu kaɗai ba ne, a 2015 na'urar wancan lokaci ta daɗe tana ƙin karanta yatsan shugaban ƙasa Goodluck Jonathan a garinsu Otuoke. Abin yi mai sauƙi ne. Mako biyu kafin zaɓe a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin da daddare, a rage wanki da sabulu mai kaifi, ranar kuma a je da hannu a wanke a bushe, ba maiƙo. Ƙunshi mai kauri a kan yatsu, musamman baƙin nan na zamani, ni dai shawarata a ɗaga shi zuwa bayan zaɓe, ko a bar babban yatsa da manuni. In biki ya faɗo a makon, a gaya wa mai ƙunshi tun kafin ta fara.

Mai sa niƙabi ta san cewa in yatsa ya ƙi, sai ta ɗaga a ɗauki fuska. Gara a tattauna wannan da maigida, a tambayi malami tun yanzu, da a je ana ja-in-ja a gaban layi. Ana iya neman mace daga cikin malaman zaɓe ta riƙe na'urar, a juya wa maza baya. Ita ma wadda zaɓen ya samu cikin takaba, malamai za ta tambaya, ba 'yan siyasa ba. Ƙa'idar INEC ta yarda a yi layin maza daban na mata daban a inda al'ada ta buƙaci haka, kuma a nan cikin gari haka ake yi.

Ga wani haƙƙi da mata da yawa ba su san suna da shi ba: mai ciki da cikinta ya fito, da mai shayarwa, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, ƙa'ida ta ce a fara sallamarsu. Ba alfarma ba ce. Ki je wurin shugaban rumfar, galibi ɗan bautar ƙasa ne ko 'yar bautar ƙasa, ki yi sallama ki nuna kanki. Kada kunya ta sa ki tsaya awa uku a rana da cikin wata takwas. Tsayuwa mai tsawo tana tara jini a ƙafafu, jiri ya ɗebe ki, mun sha karɓar irin waɗannan. A karya kumallo kafin a fita, a riƙe gorar ruwa, a ɗauki 'yar kujera ko darduma da lema. Mai hawan jini ta sha maganinta na safe kamar kullum. Mai ciwon suga kada ta sha magani ko ta yi allura ta fita da ciki wayam, ta sa dabino a jaka. Azumin shekarar 2027 zai kama ne daga cikin Fabrairu zuwa farkon Maris, daidai tsakanin da aka saba zaɓe, don haka a tabbatar da ranar zaɓen, mai ciki da mai shayarwa su san yadda za su tsara.

A sa kunne kuma har daren ƙarshe, don an saba ɗagawa. Na 2015 an mayar da shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Na 2019 da asubar ranar aka wayi gari da labarin an ɗaga da mako guda. Na gwamnoni a 2023 ma an ƙara mako. Wadda ta shirya kwana a gidansu, ta nemi izinin da zai iya zama sau biyu.

Wadda Allah Ya ba rabo tsakanin ƙaramar Sallah da babbar Sallar 2026, ki lissafa, zaɓen zai same ki ne a kan gwiwa ko cikin jego. Naƙuda ba ta san dokar hana fita ba. Jami'an tsaro sukan bar marar lafiya da motar asibiti su wuce, amma matsalar ita ce samun abin hawan. Tun kafin ranar a yi magana da maƙwabci mai adaidaita ko mai mota, a karɓi lambarsa, a tabbatar ya sha mai. Mu na cikin lungu mun san mota ba ta shigowa ƙofar gida, a san bakin titin da za a haɗu. Kayan haihuwa su kasance a ɗaure, katin awo a sama, shi za a nuna a shingen jami'ai. Asibitoci suna aiki ranar zaɓe, muna nan. Hasali ma da yawa daga cikinmu ba ma samun yin zaɓen, don a zaɓukan da suka gabata babu tsarin da ya ba masu aikin ranar damar jefa tasu tun da wuri. Abokan aikina, wadda ke son yi ta nemi aikin dare tun ana rubuta jadawali.

A zaɓen da ya wuce ƙarfe 8:30 na safe aka sa a buɗe rumfa, a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin sai an sallame shi. In an miƙo miki takardun, kafin komai ki juya bayansu. Dole ki ga hatimi da sa hannun malamin zaɓe da kwanan wata. Mu Kanawa mun ga abin da wannan ke jawowa: a Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na gwamna Abba Kabir Yusuf a kan cewa babu hatimi ko sa hannu a bayansu, aka yi ta shari'a har sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairun 2024. Wata huɗu gari yana zaman ɗar-ɗar a kan abin da duban daƙiƙa biyu zai iya karewa. In babu, ki miƙa masa ki ce ya sa.

Wurin dangwala kuma a yi a hankali. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a fiye da 900,000 aka ƙirga a matsayin lalatattu. Tawada kaɗan ta isa, a dangwala sau ɗaya a cikin gidan da ke gefen alamar, kada ya haura layi. A ɗan jira ta sha iska, a naɗe yadda malaman suka nuna don kada ta shafi gidan wata jam'iyya. Akwatunan uku ne, a zaɓukan baya mai jan murfi na shugaban ƙasa ne, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisa. In kin rikice ki tambaya, ba abin kunya ba ne. Tsofaffinmu da ido ya yi rauni, a zauna da su a gida a nuna musu alamun tun kafin ranar, a kuma tabbatar sun fita da tabarau.

Akwai kuma 'ya'yanmu maza. Duk lokacin siyasa, ɗakin taimakon gaggawa yakan karɓi samari da sara da suka, wasu ba su fi shekara 16 ba, an ba su ƙwaya da 'yan kuɗi an sa su gaba. Wanda ya aike su ba ya zuwa dubiya, uwa ce ke kwana a bakin gado tana neman kuɗin jini. Jagaliya ba ranar zaɓe take farawa ba, tun lokacin yawon kamfe ne, in yaro ya fara dawowa da sabuwar hula da kuɗin da ba ki san tushensu ba. A nan ne za a yi magana da shi, a sa mahaifinsa da kawunnansa a ciki. Wanda bai kai 18 ba kuma ba shi da abin yi a rumfa, ko wa ya ce zai yi masa kati.

Yara ƙanana ma gara a bar su a gida, ban da na goye. A gidajenmu na cikin gari wannan ba ya wuya in an tsara: a gidan da ke da mata huɗu, biyu su fita da farar safiya, biyu su riƙe yara da tukunya, in na farko sun dawo a yi canji kafin azahar. Wadda ke zaune ita kaɗai a sabuwar unguwa ta haɗa kai da maƙwabciya. A dafa abincin rana tun da daddare ko da asuba, don na ga matan da suka bar layi saura mutum biyar a zo kansu saboda yara za su ci abinci.

Wadda ta je ofishin INEC a 'yan kwanakin nan don sauya rumfa ko karɓar kati, ta rubuto mana a ƙasa yadda ta samu layin da abin da aka tambaye ta, sauran mata su amfana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan tarin hunturu da toshewar hanci ga jarirai.